Shinkafar Kan Dutse

Talata, 2 ga Satumba, 4:30 na yamma. Unguwar Nasiriya, Riyad.

Mun dawo daga asibiti. Ni na tuƙa. Baban Biba ya zauna a gefena da takardun likita a kan cinyarsa, bai buɗe su ba. Kafin mu fita daga titin asibitin ya ce in kashe rediyo. Kafin mu shiga unguwa ya ce in kunna.

Likitan ɗan Misira ne. Da maigidana yake magana amma ni yake kallo, don ya ga katin aikina a wuya, ya san na gane abin da hoton ya nuna. Shekara goma sha ɗaya ina gwajin jinin mutane a wani asibiti a unguwar Ulaya, ina miƙa musu sakamako da fara'a. Ban taɓa tunanin yadda suke isa gida ba.

Ya ce mu dawo bayan mako uku. Ya ce kada ya ƙara taɓa sitiyari. Ya fara magana a kan aikin safiyo, Baban Biba ya miƙe ya ce, "Halas, ya isa, dakta, na ji."

Biba ta tare mu a ƙofa da Larabcinta, tana tambayar me muka sayo mata. Ba mu sayo komai ba.

Alhamis, 4 ga Satumba, 6:15 na safe

Ya tsiyaya shayi a gefen kofi. Na goge tebur.

Lahadi, 7 ga Satumba, 1:00 na rana. Wurin aiki.

Jiya bayan la'asar ya ce, "Rahina, na ɗauki hutun kwana goma. Mu je mu ga shinkafar Tuwan."

Tuwan mai walda ne a wurin ginin da suke aiki, mutumin Biyetnam. Shekara uku da suka wuce ya nuna masa hoton garinsu a waya, gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin dutse kamar matakala. Tun ranar maganar ba ta bar bakinsa ba. Ɗan manomin shinkafa ne shi, a Kura aka haife shi, Yaya Musbahu har yau yana noma fadamar mahaifinsu. Ya sha cewa bai yarda shinkafa na hawa dutse ba sai ya gani da idonsa.

Na ce, "Yanzu?"

Ya ce, "To yaushe?"

Na ce ai gara mu je gida, mu gaya wa Inna da Yaya, a sa mu a addu'a. Ya girgiza kai. "In na taka Kura kafin in zauna za su gane. A can kuwa ba wanda ya san yadda tafiyata take a da."

Ashe tun watan jiya ya nema mana biza. Tun kafin mu je asibiti. Ban tambaye shi tun yaushe ya sani ba.

Mansura maƙwabciyarmu ta ce za ta riƙe Biba. Ta yi ta mini tsiya wai amarci za mu sabunta. Na yi dariya yadda ya kamata.

Laraba, 10 ga Satumba, 2:40 na rana. Filin jirgi.

Ya miƙo mini fasfo biyun, nawa da nasa. Shekara goma sha huɗu bai taɓa bari na riƙe ba.

Juma'a, 12 ga Satumba, 5:00 na yamma. Sapa.

Awa shida a bas daga Hanoi. Rabin ƙarshe duk kwana-kwana ne, hawa kawai muke yi, har kunnuwana suka toshe. Wata mata a bayanmu ta yi ta amai cikin leda. Shi ya jingina goshinsa da gilashi tun daga gindin dutsen, yana jira.

Ba abin da muka gani. Hazo ne fari fat, mai ruwa-ruwa, yana shiga hanci yana jiƙa hijabi. Garin ƙarami ne amma cike da otal da babura. Akwai tafki a tsakiya da wani tsohon coci na dutse, kuma ba ka ganinsu sai ka zo dab. Mata gajeru cikin baƙaƙen tufafi, da kwando a baya, suna bin mutum da jakunkuna da mundaye. Wasu samari sun roƙi su ɗauki hoto da mu. Wata yarinya ta shafa bayan hannuna ta duba yatsanta.

Da muka tsaya a barandar ɗaki na ce masa ko fitilar ƙetaren titi ba na hange. Sai ya yi dariya, dariyar gaske, ta farko tun ranar Talatar nan. Ya ce, "To yau ni da ke mun yi kunnen doki."

Wannan ne mafi kusa da ya taɓa zuwa ga maganar idonsa.

Ba masallaci, ya yi azahar a ɗaki. Abinci mun tsaya ga shinkafa da ƙwai da kabeji da kifi. Ya ce shinkafar na danƙo amma tana da ƙamshi. Na kira Biba, ta ce Anti Mansura ta yi mata kitso mai zafi.

Sanyi har ƙashi. Ban ɗauko masa rigar sanyi mai kauri ba. Ban san me nake tunani ba lokacin da nake haɗa kaya.

Asabar, 13 ga Satumba, 3:20 na yamma

Mun hau Fansipan, dutsen da suka ce ya fi kowane tsawo a ƙasar. Ana shiga wani akwatin gilashi ne da ke rataye a waya, ya ja ku sama. Kamar minti uku na farko na hango kwari a ƙasa, ruwan ɗorawa da kore, na buɗe baki zan ce ya duba, sai gajimare ya haɗiye mu. Na ji daɗin hakan. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

A sama akwai matakala ɗaruruwa, jiƙaƙƙu. Ya ce da ƙafa zai hau. Yana ƙirgawa a hankali, kamar yadda yake ƙirga taku a fili. Wajen ta ɗari biyu ƙafarsa ta zame, na cafke damtsensa.

Ya fizge. "Sake ni. Ni ba tsoho ba ne."

Da ƙarfi ya faɗa. Wasu mutane suka juyo. Na sake shi, na koma taku biyu a bayansa, hannuwana a buɗe kamar mai bin yaro da ya fara tafiya. Haka muka kai ƙarshe.

A ƙololuwa akwai wani ƙarfe mai tsini da aka rubuta tsawon dutsen. Mutane na layi don hoto. Da namu ya zo bai juya wa kyamara ba. Ya durƙusa ya bi lambobin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Mita dubu uku da ɗari da arba'in da uku. Wani safiyo ne ya hau nan da ƙafa, da kaya a ka, ba waya ba matakala. Allah ya sa an biya shi haƙƙinsa."

Ya daɗe a durƙushe har na bayanmu suka fara guna-guni.

Lahadi, 14 ga Satumba, 11:00 na safe

Ruwa tun asuba. Ba mu fita ba. Ba mu yi magana ba.

Lahadi, 4:45 na yamma

Ya ce, "Jiya na yi miki tsawa." Na ce ba komai. Ya ce, "Da komai." Shi ke nan.

Litinin, 15 ga Satumba, 6:10 na yamma. Ƙauyen Ta Van.

Yau mun sauka kwari da ƙafa. Mai yi mana jagora sunanta Pang, 'yar ƙabilar Hamong, za ta kai hamsin, ba ta kai kafaɗata ba. Hannuwanta shuɗi ne har wuyan hannu, rinin baba take yi. Na ce mata a garinmu ma akwai marina, na nuna mata hoton marinar Ƙofar Mata a waya, ta yi ta kiran 'yan uwanta su gani. Turancinta a kakkarye yake, nawa ma ba na alfahari ba ne, amma mun fahimci juna.

Hanyar laka ce zalla. Tun farko ta sara gora biyu, ta ba ni ɗaya, ta ba shi ɗaya. Ya karɓa, tunda ni ma an ba ni. A wuraren santsi kuma sai ta kama hannunsa ta ja shi, kamar yadda suke yi wa kowane baƙo. Ya bar ta. Awa uku ina kallon shuɗin hannun wata a cikin nasa, hannun da ya hana ni shekaranjiya. Ba kishi ba ne. Ban san sunansa ba.

Hazon bai ɗaga ba, amma a ƙasa ana ganin taku ashirin. Shi ya fara tsayawa. Ya ce, "Ji. Ana buga shinkafa."

Gaskiya ne. Wasu iyali ne ke girbi, suna buga dami a bakin wani babban akwatin katako. Ya shiga gonar ba tare da neman izini ba, laka har idon sawu. Ya tsinki zangarniya, ya murza a tafin hannu, ya hura, ya sa ƙwaya a haƙori. Ya ce ta fi shinkafarmu jamila gajarta amma ta cika. Sai ya miƙa hannu, wani tsoho mai haƙori biyu ya ba shi lauje yana dariya.

Lauje ne. Na ce, "Baban Biba." Bai juyo ba.

Ya duƙa ya fara yanka. Hannun hagu ya tattara, na dama ya ja, ya ajiye a gefe, ya matsa. Shekara ashirin da biyar rabonsa da lauje amma ko sau ɗaya bai lalube ba. Tsohon ya daina dariya, ya shiga layi kusa da shi. Sun gama fangali guda tare, ba wanda ke jin yaren wani. Da ya miƙe fuskarsa duk gumi ce a cikin wannan sanyin, kuma ita ce fuskar da na aura.

Ya tambayi Pang yadda suke kai ruwa sama. Ta ce ba sa kaiwa. Daga kan dutse yake saukowa, gonar sama ta sha ta miƙa wa ta ƙasa ta cikin tsagaggen gora, har ya kai kogi. Ya sa ta maimaita sau biyu. Ya ce, "Yaya na can yana fama da injin ban ruwa."

A gidanta za mu kwana. Gidan katako ne, hayaƙi ya sa rufin ya yi baƙi. Ta yanka mana kabewa da ganye, ta dafa a tukunyar da na wanke da kaina. Ba ta ji haushi ba.

Talata, 16 ga Satumba, 10:30 na safe

Hazon ya ɗaga.

Muna zaune a benci a ƙofar gida, wajen ƙarfe tara, sai hazon ya fara yagewa daga sama. Cikin minti biyar komai ya fito. Ban taɓa ganin irinsa ba, ba kuma na jin zan ƙara. Daga bakin kogi har inda dutse ya shiga sama, gona kan gona, kowacce na bin lanƙwasar dutsen, duk sun nuna, rana na dukansu. Na ce "Subhanallah" ban san na faɗa ba.

Ya miƙe tsaye. Ya ce, "Masha Allah. Dubi, Rahina. Dubi!"

Hagu yake kallo. A hagu ba komai sai kurmin gora da rumbun Pang.

Na tashi na tsaya a damarsa, na yi magana daga can, sai ya juyo da fuskarsa wajen muryata, ta koma daidai.

Can ya ce, "Ke kin fi ni iya bayani. Faɗa mini yadda kike ganinsa, in ji ko ya zo ɗaya da nawa."

Na faɗa masa. Na ce na ƙasa masu faɗi ne, ruwan ɗorawa kamar man shanu. Na sama sirara ne, wasu ba su fi faɗin tabarma ba, kuma da sauran kore a jikinsu. Inda aka girbe ya zama ruwan ƙasa, ana ƙona kara, hayaƙi uku na tashi. Ɓauna biyu a bakin kogi. Wata mata da jan ɗankwali tana hawa da dami a baya, ƙarama kamar tururuwa.

Ya ce, "Hawa nawa ne daga kogi zuwa gidan farko?"

Na ƙirga. A sittin da uku na rikice, don ruwa ya cika mini ido. Na ce sittin da uku.

Ya ce, "Haka ne. Haka na gani."

Talata, 5:30 na yamma

Bayan azahar ya yi maganar da ya kawo ni nan don ya yi.

Ya ce in kamfani ya sani za su soke masa iƙama, takardar izinin zamansa, su buga masa fita ba dawowa. Ya ce ya riga ya tsara. Shi zai koma Kura. Ni in zauna, tunda iƙamata ta wurin aikina ce, Biba ta ci gaba da makarantarta. Ya ce, "Ba zan zama kaya a kanki ba."

Na ce, "Ka gama?"

Ya ce ya gama.

Na ce, "Wata nawa kana tsara rayuwata kai kaɗai? Ka tsara biza, ka tsara hutu, ka tsara inda zan zauna. Ni kujera ce?" Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai yau, a gidan mutane, a ƙasar mutane.

Na zaga bayan gida. Pang na tsaye kan ganga tana rini. Ta dube ni, ta dubi wajen benci. Ta nuna idonta da yatsa, sannan ta ɗaga gira.

Na gyaɗa kai.

Ita ce mutum ta farko da na gaya wa. Ba uwata ba, ba Mansura ba. Ta ce tun jiya ta sani, tun daga yadda yake ajiye ƙafa. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta miƙo mini gefen zane, muka yi ta tsomawa muna matsewa har hannuna ya yi sanyi ƙalau.

Alhamis, 18 ga Satumba, 12:15 na rana. Filin jirgin Hanoi.

Ya tambaye ni ko na ci abinci. Na tambaye shi ko ya sha magani. Iyakarta ke nan tun shekaranjiya.

Asabar, 20 ga Satumba, 9:00 na safe. Nasiriya.

Riyad na nan yadda muka bar ta. Zafi, haske, ba ko ɗigon gajimare. Na saya masa baƙin tabarau, ya ce rana na sukar sa.

Biba ta ji daɗin 'yar jakar da Pang ta ɗinka. Ta ɗauki wayata ta zauna a cinyarsa tana nuna masa hotuna, tana tambaya, wannan mene ne, wancan wane ne. Ya yi ta cewa, "Ke faɗa mini, in ga ko kin gane." Ta yi, ta yi, sai ta ajiye wayar. Ta sauka.

Ta same ni a kicin. Yarinyar da sai na yi da gaske take haɗa jimla ɗaya da Hausa. Ta ce, "Mama, me ya sami Baba?"

Na ce ta miƙo mini albasa.

Lahadi, 21 ga Satumba, 2:00 na rana

Ya tafi aiki a tasi da safe. Sha biyu ya dawo, Tuwan ne ya kawo shi har ƙofa, da kwali ɗauke da hular kwano da kofinsa da dardumar salla. Da kansa ya shiga ofishin mudir, manajansu, ya faɗa. Ya ce ba zai sa hannu a awon da bai gani ba, a zo a ɗora bene hawa talatin a kai.

Tuwan ya ƙi zama. A bakin ƙofa ya tambayi Baban Biba da Larabcinsu na wurin aiki ko garin ya yi kyau, "Jibril, garinmu, kwayyis?" Ya ce, "Kwayyis ƙwarai." Tuwan ya rungume shi, ya sauka da sauri.

Laraba, 24 ga Satumba, 4:00 na yamma

Asibiti. Wannan karon likitan bai ce mu dawo bayan mako uku ba.

Alhamis, 25 ga Satumba, 1:10 na rana. Wurin aiki.

Na rubuta takardar barin aiki, na kai da hannuna. Shugabarmu ta ce in sake tunani, irin wannan gurbin ba ya dawowa. Na san ba ya dawowa. Na shiga banɗaki na yi kuka na minti goma, don ina son aikina, ina son farar rigata, ina son wannan garin da na sha zagi. Sannan na wanke fuska na koma kan jinin mutane.

Da na gaya masa ya ce, "Ba ki shawarce ni ba." Na ce, "Wurinka na koya."

Juma'a, 26 ga Satumba, 3:40 na yamma

Bayan masallaci ya ce in kira masa Yaya Musbahu, in sa a sifika.

Sun gaisa. Inna, yara, damina. Sai ya fara ba shi labarin tafiya. Ya ce, "Yaya, wallahi shinkafa na hawa dutse. Hawa sittin da uku daga kogi zuwa gidan farko. Na ƙasa kamar man shanu, na sama ba su fi tabarma ba. Ga ɓauna biyu, ga wata mata da jan ɗankwali." Kalma bayan kalma, yadda na faɗa masa. Bai yar da ko ɗaya ba. Yaya na ta "Kai! Ikon Allah!"

Sai Yaya ya ce, "To turo hoto mana. Ko kai ka ɗauka?"



Yaya ya ce, "Jibirilla? Kana ji na?"

Ya ce, "Yaya, ban gani ba. Rahina ce ta gani. Idona ne, Yaya. Ya tafi."

Na shige kicin na buɗe famfo. Na sake rufewa, don ina son in ji.

Ina jin kukan awaki a bayan Yaya. Sannan ya yi salati, ya ja hanci, ya ce, "Yaushe za ku iso?" Baban Biba ya ce ƙila ƙarshen Oktoba. Yaya ya ce, "To. Ba za mu taɓa gonar bakin rafi ba sai ka zo. Inna kuma bar mini, ni zan gaya mata."

Biba ta shigo kicin, ashe duk tana ji. Ta tsaya tana murza bakin rigarta. Ta tambaye ni ko a Kura akwai jirgin metro kamar na Riyad. Na ce babu. Ta ce to me ake da shi a can.

Na ce, "Je ki tambayi babanki."

Ta tafi. Ina jin su daga nan. Da Hausa yake gaya mata, a hankali, tana tsayar da shi tana tambayar ma'anar fadama.